Zaɓen Fulogi Domin Injin Ƙaramin Jirgin Sama

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin makanike ya san fulogi, watau ɗan abin nan mai ba da tartsatsin da ke kunna fetur cikin silinda. Idan fulogin mota ya mutu, direba ya ratse gefen hanya. Matuƙin jirgin sama kuwa ba shi da gefen hanya. Domin haka kowace silinda ta ƙaramin jirgi fulogi biyu gare ta, kowane ɗaya da na'urar da ke ba shi wuta dabam. Injin Lycoming O-320, wanda aka soma sa wa jirgin Cessna 172 cikin 1968, silinda 4 gare shi, fulogi 8 ke nan.

To, yaya ake zaɓensu? Da fari a duba tsawon gindin da ake murɗawa cikin silinda. Iri biyu ne: gajere rabin inci, dogo kuwa inci 13/16. In aka sa dogo a ramin gajere, bakinsa zai kutsa ciki ya yi ja wur. In aka sa gajere a ramin dogo, tartsatsin ya maƙale cikin rami.

Na biyu zafi. Wani fulogi yakan riƙe zafi, wani yakan zubar da shi da sauri. Wanda ya cika zafi yakan kunna fetur tun lokaci bai yi ba, har fistin ya ƙone. Wanda ya cika sanyi ba ya iya ƙone dauɗar da ke taruwa a bakinsa. Ga shi kuwa fetur ɗin jirgi da ake kira 100LL akwai darma a cikinsa, takan taru ta hana tartsatsi.

Na uku bakin fulogin. Akwai mai kauri, ya fi araha. Akwai mai siririyar waya ta iridiyam, ya fi tsada, amma ya fi daɗewa, darma kuma ba ta cika toshe shi ba.

Ba da ido ake gane wanda ya dace ba. Masu ƙera injin sun rubuta lambobin fulogin da suka yarda da su, makanike kuwa ba ya ƙetare su. Har ma fulogin da ya faɗi a daɓe yasar da shi ake yi, gama tangaran ɗinsa kan tsage inda ido ba ya gani.

'Yan'uwa masu koyon malanta, in kun zo darasin yadda zafi ke bin ƙarfe, ku aro tsohon fulogi ku kai aji, yara su juya shi da hannunsu.