Darasi: Masu Wanka da Masu Haƙa

Wankan mamaci, likkafani, sallah da binnewa farilla ce ta kifaya: wasu suka yi, an sauke wa kowa, aka rasa, duk zango ya ɗau zunubi. To, su wa ke sauke mana?

A Kano, cikin Afrilun 2020, masu haƙa na maƙabartar Dandolo suna cikin waɗanda suka fara faɗin mace-mace sun yi yawa, don su ke ƙirga ramuka. Mai wanka kuwa yakan wanke abokin ƙuruciyarsa da magarya da kafur, aibin da ya gani ko matarsa ba ta ji. Mu yi wa dangi gaisuwa, mu wuce shi ko sannu babu! Bayan Juma'a ku same shi, ku roƙi ya koya muku.