Babur Mai Caji: Haya Ko Saye?

Kakau tana bakin titin Kaduna zuwa Abuja, a Ƙaramar Hukumar Chikun. Mai zama a nan, in zai je aiki Kakuri ko sarin kaya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, sai ya ratsa Gonin Gora ya nausa cikin gari. Tafiya ce ta kullum, kullum kuma sai an taɓa aljihu. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Shi ya sa ake ta zancen babur mai caji, wanda ba ya shan mai.

Wannan babur ba shi da tanki, ba fulogi, ba salansa, ba juyen baƙin mai. Batir ne ke ba injin lantarki wuta, injin ya juya taya. Matsakaicin batir yakan cika da wuta kamar yunit 3. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta sa naira 225 kan kowane yunit ga masu biyan kuɗin wuta mafi tsada. Ko da wannan farashi, yunit 3 naira 675 ne, bai kai kuɗin lita ɗaya ba. Wannan shi ne daɗin.

Amma a kula. Batir shi ne abu mafi tsada a jikin babur ɗin, kuma yana tsufa. Duk cajin da aka yi, an rage masa kwana. Batirin dalma, ɗan'uwan na mota, yana da araha da nauyi, yakan gaji bayan caji ɗari uku zuwa ɗari biyar. Na litiyam ya fi tsada, ba shi da nauyi, mai kyau yakan wuce caji dubu. Zafin watan Maris da Afrilu yana ƙara gajiyar da su duka. Saboda haka kafin ka tambayi kuɗin babur, fara tambaya: batirin wane iri ne, in ya mutu wa zai saya?

In ka saya da kuɗi hannu, babur naka ne, takardu da sunanka. Ba mai buga maka waya ranar Juma'a. Ranar da ba ka da lafiya, ka jingine shi, ba ka ci bashin kowa ba. Sai dai batir ma naka ne, da ransa da mutuwarsa. Mai hankali yakan ware wani abu daga rarar kuɗin mai kowane mako, ya zuba a asusu ko adashi, don ranar canjin batir. Wanda ya cinye rarar duka, ran nan zai ga babur a zaure kamar jakin da ya ƙi tashi. Ka kuma leƙa kasuwar Panteka ka tambayi kanikawa ko ana samun kayan gyaran irin wanda kake so. In sun ce sai an aiko daga Legas, ka sake tunani.

Haya kuwa kowa ya san ta, ita ce balans da 'yan Keke Napep ke kai wa mai keke kowane dare. Ba ka tara kuɗi mai yawa kafin ka hau, amma ko shekara goma ka yi kana biya, abin ba naka ba ne. Akwai wata sabuwar haya da kamfanoni irin su Spiro ke yi a wasu garuruwa, kamar Abeokuta. Batir na kamfani ne. In ya ƙare ka kai tasharsu, su ba ka cikakke, ka biya kuɗin musaya. Tsufan batir ba ruwanka. Sai dai wannan ba ta da amfani in babu tasha a kan hanyarka, don haka ka je ka gan ta da idonka tukuna.

Tsakanin biyun akwai haya mai ƙarewa da mallaka. Ka ba da kafin alƙalami, ka kawo mai tsaya maka, ka riƙa biya mako-mako har ka gama, sannan babur ya zama naka. Bankunan da ba sa harka da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da irin wannan ciniki da sunan ijara.

A nan ne mutane suka fi faɗawa rami, domin suna duban kuɗin mako, ba sa duban jimla. A ce babur naira 1,500,000 ne kuɗi hannu. Dillali ya ce maka, "Maigida, kawo 30,000 kawai duk mako, wata goma sha takwas." Wata 18 mako 78 ne. In ka ninka 30,000 sau 78, ka sami 2,340,000. Ka ga an ɗora maka 840,000. Ga mai neman kuɗi da babur, wataƙila ya fitar da wannan. Ga lebura ko malamin makaranta da zai hau zuwa aiki kawai, a ganina gara ya daure ya yi adashi ya saya. Mai niyyar ɗaukar fasinja kuma ya tuna cewa tun 2014 Jihar Kaduna ta yi dokar hana acaɓa a wasu yankuna. Ya tambayi jami'an hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KASTLEA inda aka yarda kafin ya sa hannu.

Doka tana kare mai biya kaɗan-kaɗan. Dokar irin wannan ciniki ta 1965 ta ce in ka biya kashi uku cikin biyar na kuɗin abin hawa, mai shi ba zai ƙwace ya tafi da shi ba sai ta hanyar kotu. Amma in ka tara biya uku ba ka yi ba, yana iya ɗauka ya ajiye har kotu ta yanke hukunci. Kotu kuwa takarda take dubawa. Kada ka dangwala yatsa sai an karanta maka yarjejeniyar da Hausa gaban shaidu. A rubuta wa ke da gyara, wa ke da batir, me zai faru in an sace. Duk biyan da ka yi, karɓi rasit ka adana.

Sai maganar wuta. In unguwarku takan yi kwana biyu ba a kawo ba, sai ka biya mai sola ko mai janareto, rara ta ragu. In za ka yi caji, yi da cajar da ta zo da babur, a inda iska ke shiga, nesa da katifa da ɗakin yara. Batirin da ya kumbura ko yake wari, kada a jona shi.

Aiki: ɗauki fensir. Nawa ne kashi uku cikin biyar na naira 2,340,000? Mai biyan 30,000 duk mako, a mako na nawa zai kai wannan adadi?