IDAN KARE YA HAƊIYE MAGANIN MUTANE

Darasinmu na wannan mako ya samo asali ne daga abin da muka gani a unguwarmu. Wani maƙwabcinmu ya manta ledar magani a kan tabarma, karensa na gadi ya yage ta ya haɗiye ƙwayoyin. Aka ɗura masa manja, aka ce zai warware. Sai da ya kwana biyu yana amai sannan aka kai shi asibitin dabbobi, da ƙyar ya sha.

Jikin kare ba irin namu ba ne. Ƙwayar da ke sauke mana zazzaɓi tana iya kashe shi. Farasitamol yana lalata masa hanta da jini, ibufurofen kuma yana ƙwaƙule masa ciki ya taɓa ƙoda. Ƙaramin kare ya fi shiga haɗari, kyanwa kuwa ƙwayar farasitamol ɗaya ta isa ta halaka ta.

Ga abin da ya kamata mu yi:

1. Mu kwashe sauran maganin, mu kira babba nan take. Kada mu ɓoye don tsoron faɗa.

2. Mu adana kwalin, mu ƙirga ƙwayoyin da suka ɓace, mu riƙe lokacin da abin ya faru.

3. A garzaya da shi wurin likitan dabbobi ko da yana wasansa, domin cutar kan ɗauki lokaci kafin ta bayyana. Awa 2 na farko su ne mafi muhimmanci, kafin maganin ya gama bin jiki.

4. Kada mu ɗura masa manja, madara ko ruwan gishiri. Yana iya shaƙewa abin ya shiga huhunsa, yawan gishiri kuma shi kansa guba ne. Likita ne zai san ko a sa shi amai ko a yi masa ƙarin ruwa.

5. Kada mu sa hannu a bakinsa. Kare mai jin ciwo yana iya cizon ko da mai shi.

Alamomin haɗari su ne amai, dalalar miyau, tangaɗi, baƙin kashi da numfashi sama-sama.

A ƙarshe, mu riƙa ajiye magani a sama ko a cikin akwati mai makulli. Inda kare ya kai, ƙanenmu mai rarrafe ma zai kai. Rigakafi ya fi magani.