Man fetur na Agadem

A tsaunukan Adar da na Damargu, makiyaya kan tsinci duwatsu masu kama da katantanwa. Waɗannan duwatsu shaida ne cewa shekaru miliyoyi da suka wuce, teku ta rufe wani yanki na ƙasar Nijar.

Ƙananan halittu na cikin ruwan nan suka yi ta mutuwa, suna kwantawa cikin laka. Rairayi ya binne su. Nauyi da zafin ƙasa suka dafa su sannu sannu, har suka zama mai. Man ba ya kwance kamar tabki. Yana cikin ƴan ƙananan kafofin dutse, kamar yadda ruwa yake cikin jiƙaƙƙen rairayi.

Yaya ake gane inda yake? Masana suna zuwa da manyan motoci masu girgiza ƙasa, suna sauraren amon da ke dawowa, kamar mace mai ƙwanƙwasa tulu a kasuwa kafin ta saya. Amma ba a tabbatarwa sai an gina rijiya. Rijiyar gari takan yi gaba 20 ko 30. Ta mai takan wuce mita 2,000, kuma sau da yawa a kashe dukiya a tarar babu komi.

A 1975 kamfanin Texaco na Amurka ya ga alamar mai a gabashin Nijar. A 1982 kamfanin Elf na Faransa ya samu mai a Sokor, cikin yankin Agadem. Duk da haka ba a ɗebo shi ba. Wurin hamada ne, kuma teku, inda jiragen masu saye suke, tana da nisa ƙwarai.

A 2008 gwamnati ta sa hannu da kamfanin CNPC na ƙasar Sin. Aka ja tiyo mai kilomita 462 zuwa matatar SORAZ, arewa da Damagaram. An buɗe ta a Nuwamba 2011, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Ganga guda lita 159 ce. A 2024 man Agadem ya fara fita waje ta tashar Seme, a ƙasar Benin, cikin wani tiyo na kusan kilomita 2,000.

Rijiyar ruwa takan sake kawowa bayan damina. Ta mai ba ta yin haka: abin da aka ɗebe ya tafi ke nan. Shi ya sa aka kai nema har Kafra, kusa da iyakar Aljeriya, inda kamfanin Sonatrach ya samu mai a 2018.