Sardin: kifin gwangwani, ina yake fitowa?

Kowa ya san sardin na gwangwani. Ana saida shi a kasuwannin Maradi, Damagaram da Tawa, ana ci da burodi. Amma ba kifin gulbi ba ne, ba na tabki ba. Kifin teku ne, wato babban ruwan gishiri. Mafi yawan wanda ake kawowa daga ƙasar Maroko yake fitowa. A garuruwan Safi da Agadir akwai ma'aikatun da ke sa shi cikin gwangwani.

Sardin ba ya tafiya shi kaɗai. Garke-garke yake yawo, dubu bisa dubu. Abincinsa ƴan mitsi-mitsin halittu ne da ke yawo cikin ruwa, waɗansu ido ba ya ganinsu.

Yana girma da hanzari a shekararsa ta fari. Daga nan sai girman ya ragu. Yawanci tsawonsa ya kan kai santimita 20, kamar taƙi ɗaya. Masana suna gane shekarunsa da wani ɗan dutse da ke cikin kunnensa. Kowace shekara dutsen yana ƙara zobe guda, kamar yadda ake gani a kututturen icce in an sare shi.

In ya shekara ɗaya, ya isa haifuwa. A tekun Maroko lokacin ɗari ne ya fi yin ƙwai. Macen tana zuba ƙwanta cikin ruwa, namijin ya zuba maniyyinsa, su haɗu can. Ba rana ɗaya take zuba su duka ba, kaɗan-kaɗan take yi. Mace guda tana iya yin ƙwai 50.000 ko fiye. Ƙwai ɗaya bai kai ƙwayar hatsi ba. Bayan kwana 2 zuwa 4 sai ya ƙyanƙyashe.

Uwar ba ta tsaron su. Ba kamar karfasa ba, wadda ke ɓoye ƙwanta cikin baki. Don haka waɗansu kifaye ke cinye mafi yawansu, waɗansu kuma yunwa ta kashe su. Kaɗan ƙwarai ke rayuwa.

Shi ya sa kamun ƙananan sardin ɓarna ce babba: an ci iri tun kafin shuka. Hukumar Maroko ta ƙayyade girman wanda aka yarda a kama. Ta kan kuma tsaida su na ƴan makonni a lokacin ɗari, jiragen masunta su zauna bakin gaɓa har kifin ya yi ƙwai.