Ƙara RAM a Kwamfutar Tebur: Matsalar Daidaituwar Sauri

Gabatarwa

RAM ita ce ma'adanar wucin-gadi da kwamfuta ke ajiye bayanan da take aiki da su a nan take. Idan ta yi kaɗan, sai na'urar ta yi nauyi. Wannan ne ya sa masu kwamfutar tebur da aka harhaɗo daga kamfani, irin su Dell da HP da Lenovo, kan nemi ƙari. Sai dai da yawa kan yi asarar kuɗi, domin sun ɗauka lambar saurin da ke jikin kwali ita ce za su samu.

Nau'i Kafin Sauri

Da farko, wajibi ne nau'in ya dace. DDR3, wadda ta fito a 2007, tana da ƙafafu 240, tana kuma aiki da bolt 1.5. DDR4 ta 2014 tana da ƙafafu 288 da bolt 1.2. DDR5 ma ƙafafunta 288 ne, amma tsagar da ke ƙasanta ba a wuri ɗaya take da ta DDR4 ba. Saboda haka ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya, tilasta ta kuwa lalata babban allo ne.

Abin da Ke Ƙayyade Sauri

Abubuwa uku ne ke yanke hukunci: furosesa, da babban allo, da ita kanta RAM ɗin. Kamar yadda ayari ke tafiya da takun raƙumin da ya fi gajiya, haka kwamfuta ke bin mafi ƙarancin sauri a cikinsu. Alal misali, furosesar Core i5-10400 ta shekarar 2020 iyakarta a ƙa'ida 2666. In aka sa mata RAM mai 3200 a irin allon da kamfanonin nan ke sakawa, za ta yi aiki, amma ba za ta wuce 2666 ba. Haka kuma in aka gwama mai 2400 da mai 3200, dukkansu za su sauko 2400.

Akwai kuma wani tarko. Wasu RAM ba sa kai saurin da aka rubuta musu sai an kunna tsarin XMP na kamfanin Intel a cikin BIOS, galibi da bolt 1.35. Yawancin kwamfutocin ofis na kamfani ba su da wannan zaɓi, don haka RAM ɗin kan koma 2133 ko 2400. Wadda ke kai saurinta bisa ƙa'idar JEDEC, a kan bolt 1.2, ita ta fi dacewa da su.

Kammalawa

Kafin saye, ya kamata mutum ya duba littafin kwamfutarsa, ya kuma yi amfani da manhajar CPU-Z don sanin nau'i da saurin abin da ke ciki. Guda biyu iri ɗaya, kamar 8GB biyu, sun fi 16GB guda, domin suna buɗe hanyoyi biyu na zirga-zirgar bayanai. Wajen sakawa kuwa, a zare wuta, a taɓa ƙarfen akwatin tukuna, don kada lantarkin jiki ya ƙona ta.