Ɓarɓashin Leda a Gona: Jan Hankali ga Hakimai da Malamansu

Leda ba ta ruɓewa kamar kara ko ganye. Zafin rana ne ke ƙeƙasar da ita, ta yi ta farfashewa har ta zama ɓarɓashi. Wanda bai kai milimita 5 ba, watau kamar ƙwayar dawa ko ƙasa da haka, shi ya fi haɗari, domin ba ya tsintuwa.

Wata babbar hanyarsa ta shiga gona ita ce takin juji. Tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano ke kwasar sharar birni su kai gona, amma sharar yau cike take da leda.

Ɓarnarsa iri uku ce. Da fari, yakan sa ƙasa saurin bushewa da tsagewa. Na biyu, tana, wadda ke buɗe wa ruwa da iska hanya, takan haɗiye shi ta rame. Na uku, yakan toshe ƙofofin iri, tsiro ya yi jinkiri. A 2020 kuma masanan ƙasar Sin suka nuna mafi ƙanƙantarsa yana kutsawa saiwar alkama da latas, ya hau har ganye.

Saboda haka wajibi ne hakimai su umurci dagatai da masu unguwa a tsince leda daga taki tun tana ɗanya, kafin a kai shi gona. Kada a ƙone ta, gama hayaƙinta guba ne. Malaman hakimai kuwa su rubuta jujin da abin ya yi yawa, su sanar da malamin gona. In ɓarɓashin ya gauraya da ƙasa, ba rariyar da za ta fid da shi.